Yadda Malam Zakariyya'u Ya Rage wa Motarsa Nauyi

Duk wanda ya zauna a unguwar Makera ta Kaduna ya san Malam Zakariyya'u, ko bai san sunansa ba ya san motarsa. 'Yar ƙaramar mota ce ja, ko kuma a ce ta taɓa yin ja, wadda in ta tsaya kusa da tirela sai ka ɗauka daga ciki ta faɗo. Mai ita kuwa dogon mutum ne siriri, sai ya cire hula kafin ya shiga, in ya fito ya mayar. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, ko takarar kansila bai taɓa tsayawa ba. Abin tinƙahonsa a duniya shi ne motar nan, sai kuma wani abu da ya fi motar girma a zuciyarsa, wato ba wanda ya taɓa ganin gazawarsa. Ko gidansa ya kwana ba a ɗora tukunya ba, da safe za ka gan shi da tsinken sakace a baki.

Mutumin Soba ne. Ya shigo Kaduna yana saurayi, zamanin da masaƙun Kakuri ke aiki ba dare ba rana. Aka tsayar da shi gaban injin saƙa, aka haɗa shi da wanda zai koya masa, wani gajeren saurayi mai faɗin kafaɗa daga wajen Zonkwa, sunansa Bitrus. Ƙarar injuna ba ta bari a ji magana, don haka da ido da hannu suka fara abota, kuma wataƙila shi ya sa ta yi ƙarko. Bitrus ya koya masa ƙulla zare in ya tsinke ba tare da ya bar yatsa a ciki ba. Shi kuma ya koya wa Bitrus cin goro, laifin da Miriam matar Bitrus ba ta yafe masa ba har gobe. Ɗaki guda suka kama kafin kowannensu ya yi aure. Rigingimun da suka raba garin nan gida biyu sun zo sun wuce, mutane da yawa suka daina gaisawa, su kuwa ko gezau.

Da masaƙa ta rufe, kowa ya kama gabansa. Zakariyya'u ya yi tallar yadi a kafaɗa, ya yi awon hatsi a kasuwa, Bitrus ya yi gadi a gidajen da ba su kai shi mutunci ba. Bayan shekaru aka biya su wani abu daga haƙƙin sallama. Masu hankali suka sayi fili, Zakariyya'u ya sayo mota. Safiya matarsa ta ce ita ba ta taɓa jin an kwana a cikin mota an ce an yi gida ba, ya ce mata ita ma ba ta taɓa jin an hau fili an je biki ba. Daga baya Allah ya haɗa abokan biyu a wani kamfanin buhuna a Kudenda, Zakariyya'u a sito, Bitrus a wajen sikeli inda ake auna dila kafin a loda.

A lokacin Bitrus ya riga ya bar Makera. 'Yarsa Janet, malamar makaranta, ta kama musu gida a Barnawa, ga shi kuma gwiwa ta fara ba shi wahala. Saboda haka kullum da safe Zakariyya'u zai tayar da mota, ya juya wa Kudenda baya, ya nufi Barnawa, ya ɗauko Bitrus, sannan su sake ratsowa su wuce wajen aiki. Ko yaro ya san wannan zagaye ne, amma ba wanda ya isa ya faɗa masa. Kujerar gaba ta Bitrus ce. Ko Safiya, in an haɗu a tafiya, baya take komawa ba tare da an ce mata ba. A hanya gardama suke yi, ta wanda ya fi iya saƙa a masaƙar da ta mutu tuntuni, ta labaran rediyo, ta ko mutanen Soba sun san miya. Bitrus kan zo da dafaffiyar gyaɗa ko masara a leda, ya riƙa ɓarewa yana miƙa masa. Zakariyya'u ba mai yawan dariya ba ne, kuma kusan duk dariyar da yake yi a yini, a wannan hanyar yake yin ta. Yana son mutumin nan so na gaske, ko da yake da za a tambaye shi sai ya ce sabo ne kawai.

Sai aka cire tallafin mai. Cikin 'yan kwanaki motocin unguwa suka fara kwanciya ɗaya bayan ɗaya. Aka sa musu duwatsu a bayan taya, kaji suka samu inuwa, mata suka samu wurin shanya. Manyan ma'aikata da ake jin tsoron gaishe su sai ga su a cikin keke-napep, sun matse da masu tallar kifi. Zakariyya'u ya dubi wannan ya rantse tasa ba za ta kwanta ba, domin a ganinsa ajiye mota daidai yake da ɗaukar lasifika a zagaye Makera ana shelar cewa Malam ya gaza. Albashi kuwa bai san an cire komai ba, yana nan inda yake.

Safiya ta kawo shawara mai sauƙi. Ta ce ya gaya wa Bitrus gaskiya, ko su riƙa haɗa kuɗin mai, ko Bitrus ya riƙa fitowa bakin hanya a rage zagayen. Ya dube ta kamar ta ce ya fita ba wando.

"Ni in buɗe baki in ce wa Bitrus mai ya fi ƙarfina? Mutumin da ya san ni tun ina da gashi?"

Ta ce ai shi ya sa ya fi kowa dacewa da a gaya masa. Ya ɗauki makulli ya tafi garejin Jethro.

Jethro bakanike ne a Kakuri, mutumin kirki, sai dai yana da aibi guda: bai taɓa ce wa mai mota abu ba zai yiwu ba. In ka ce masa kana so motarka ta riƙa tafiya da kunu, zai shafa gemu ya ce a kawo ta da safe. Da ya ji buƙatar Zakariyya'u, ya buɗe gaban mota ya matse kabireta har sai da mai ya koma shiga inji kamar ana ɗiga maganin ido. Motar ta fara tari, in an taka totur sai ta yi shawara tukuna. Ya cire bel ɗin na'urar sanyi, wadda dama rabonta da sanyaya wani tun tana hannun mai ita na farko. Ya aika mai faci ya danƙara wa tayoyi iska har suka yi tauri kamar dutsen niƙa, ta yadda duk ramin da aka faɗa, ba ya tsayawa ko'ina sai a ƙashin bayan mutum.

Ba a tsaya nan ba. Wani direba ya ba Zakariyya'u sirrin mayen ƙarfe, aka fasa tsohuwar sifika aka ɗaure shi a jikin bututun mai, wai don man ya riƙa shiga a layi ba turereniya. Wani kuma ya ce ƙwayar kafur a tanki tana ƙara wa mai albarka, motar ta koma ƙamshin akwatin tsohuwa. Shi da kansa ya haddace duk wata gangara da ke kudancin Kaduna. Da ya hango ta sai ya kashe inji ya saki giya, motar ta riƙa silalewa shiru kamar mai bin bango, masu keke na wuce su suna waige. Bitrus na gefe yana ɓare gyaɗa, yana cewa in an kai Kudenda a tashe shi, in kuma an riga an tashi daga aiki a wuce da shi gida. Zakariyya'u ya ce masa wannan fasaha ce ta zamani, mutanen Zonkwa ba za su gane ba. Bai taɓa ambaton tsadar mai a gabansa ba, shi ma Bitrus bai tambaya ba.

Duk da haka mai bai daina gudu ba. Ranar nan Jethro ya ce ya gani a waya, wai babban abin da ke shan mai shi ne nauyi. Wannan kalma ta shige Zakariyya'u kamar allura. Aka sauke safaya da jak, aka miƙa lamarin faci ga Allah. Aka cire bamba ta baya, aka yaye kafet, aka ɓamɓare kwalin jikin ƙofofi har ana ganin wayoyi. Daga nan aka zo kan kujerar baya, wadda ita ce ainihin masifar, domin mai mota a Makera ba shi da ikon wuce maƙwabci a tsaye alhali da wuri a motarsa. Zakariyya'u ya lissafa cewa in babu kujera babu fasinja, kuma ba wanda zai ce ya yi rowa.

Bai san matan Makera ba. Ashe kujerar ce dama ke tare musu wuri. Da ta tafi, sai bayan motar ya zama fili, mai buhun masara ta samu, mai jarkar manja ta samu, wata ta zo da kujerarta 'yar tsugunno ta kafa a ciki ta zauna daram. Ranar wani suna har rago aka shigar masa, ya yi tafiyar yana huci a ƙeyar Bitrus. Garin neman ƙiba aka samo rama, motar ta koma ɗaukar abin da ba ta taɓa ɗauka ba tana da kujera. Ya koma wa Jethro rai a ɓace, aka cire hannuwan ƙofofin baya ciki da waje. Daga ranar, duk wadda ta tsayar da shi sai ya fito da kansa, ya ja ƙofa, ya girgiza kai, ya yi ta ba da haƙuri yana tsine wa kayan zamani. Nan ya gano wata hikima da ta yi masa daɗi ƙwarai: abin da baki ke jin kunyar faɗa, ana iya sa ƙarfe ya faɗa.

Motar ta zama kwanko, ba abin da ya rage a ciki sai sitiyari, kujeru biyu da mutum biyu. Jethro ya zagaya ta yana goge hannu, ya ce cikin raha, "Oga, yanzu kam ba sauran abin cirewa, sai dai Baba Bitrus." Ya yi dariya ya koma ƙarƙashin wata motar, ya manta ya ma faɗa.

Zakariyya'u bai manta ba. Bitrus dama ba ƙaramin mutum ba ne, shekaru da tuwon Miriam sun ƙara masa faɗi. Da safe in ya shigo ya zauna, Zakariyya'u kan ji motar ta karkata, abin da shekara da shekaru bai taɓa lura da shi ba. Ya fara jin kowace gyaɗa da aka miƙo masa kamar ƙarin lodi. Wata rana a kamfani ya leƙa wajen sikeli ya tarar Bitrus ya hau kan farantin yana share shi, idonsa ya kai kan allurar kafin ya hana shi. Ya yi istigfari, ya koma sito, amma abin da ido ya gani ya gani. Ga nauyin mutum, ga zagayen Barnawa safe da yamma. Ya san sarai a nan man yake tafiya, ya kuma san bakinsa ba zai iya faɗa ba.

Ranar Asabar ya kai motar gareji ya ce a cire kujerar gaba. Jethro, wanda bai taɓa jinkirin kwance komai ba, wannan karon sai da ya tsaya da sifana a hannu ya tambaya ko ya ji daidai. Aka ce ya ji. Da yamma Zakariyya'u ya kira Bitrus a waya ya ce masa kuɗin cizo ne suka yi gida a kujerar, an kai ta wajen masu gyara, kwana biyu za ta dawo. Bitrus ya yi ta dariya, ya ce dama ya daɗe yana zargin motar da cizo, ba komai, zai lallaɓa ya hau keke-napep.

Kwana biyun nan suka yi ta haihuwa. Mai gyaran ya yi tafiya. Mai gyaran ya dawo amma an yi masa rasuwa. Yadin da za a sa ya ƙare a kasuwa. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma Zakariyya'u ya dage da haƙa nasa. Bitrus kuwa kullum sai ya sauya keke a hanya, ya ƙarasa da ƙafa yana ɗingishi, ya iso wajen sikeli da gumi, kuma ko sau ɗaya bai sake tambayar kujera ba. Maganar gaskiya, mai ya fara auki. Motar na tafiya sakayau, kai tsaye daga Makera zuwa Kudenda. Sai dai Zakariyya'u kan ji abu a rediyo ya juya zai yi gardama, ya ga ramukan kusoshi a ƙasa. Kewa ta dame shi, amma ya gaya wa kansa na ɗan lokaci ne, har farashi ya sauko.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne garin da yake zaune. A Kaduna ba a ganin Musulmi da Kirista sun daina shiga mota guda a ce kuɗin cizo ne. Wata rana bayan la'asar, Garba mai goro ya riƙe masa hannu a ƙofar masallaci, ya matsa, ya rage murya ya ce madalla, ashe Malam ya farga, dama an daɗe ana mamakin wannan tarayya. Zakariyya'u ya gane abin da ake nufi, kuma ransa ya ƙi shi har ƙasa. Kalma guda za ta kashe maganar. Amma kalmar ita ce mai, kuma in ya faɗe ta, kafin magariba duk Makera ta ji. Sai ya yi gyaran murya, ya zare hannunsa, ya nemi takalminsa. Wannan shirun shi ne aiki mafi muni da ya yi a rayuwarsa, kuma ya yi shi ne yana ganin mutuncinsa yake karewa.

Magana ta yi ƙafa. A Barnawa aka samu masu zuwa har gida su yi wa Bitrus jaje, su ce ai dama sun faɗa masa, komai daɗewa hali sai ya fito. A kamfani abin ya fi muni, domin can kowa na da ɗan'uwa a ɓangaren da yake so ya ji haushi. Rumfar mai abinci da ake zama a cakuɗe ta fara rabuwa, benci na nan, benci na can. Mutanen da ba su taɓa shiga motar ba suka fi kowa sanin dalilin cire kujerar.

Bitrus ne ya gaji. Ranar nan ana tsakiyar cin abinci, Zakariyya'u na can sito, ya ajiye cokali ya miƙe da ƙyar. Waɗanda ke wurin sun ce bai ɗaga murya ba. Ya ce a bar bawan Allahn nan ya huta. Ya ce shi ya san Zakari tun kafin a haifi rabin masu zama a wurin, babu coci babu masallaci a wannan magana, mai ne ya gagare shi kamar yadda ya gagari kowa, kunya ce kawai ta hana shi faɗa. Ya ce wanda motarsa ba ta kwanta ba a cikinsu ya ɗaga hannu. Aka fashe da dariya, aka ji sanyi, kafin a tashi benci sun koma yadda suke.

Washegari Zakariyya'u ya shigo kamfani ya tarar duniya ta canza masa fuska. Mai gadi ya ce sannu Malam, Allah ya hore. Wani lebura ya dafa shi ya ce kowa a haka yake, a yi ta haƙuri. Mai abinci ta ƙara masa tsoka guda ta ce wannan kyauta ce. Tsokar nan ita ta ƙarasa shi. Ya sha zargin ƙiyayya makonni bai rame ba, amma tausayi na yini guda ya hana shi haɗiye loma. Da ya bincika ya ji daga inda maganar ta fito, sai ya ji duk duniya ba wanda ya cuce shi kamar Bitrus.

Ranar Lahadi da rana, bayan an taso daga coci, ya faka a ƙofar gidan Barnawa. Miriam ta yi masa maraba da murna, ta ce yau kuɗin cizo sun sake shi ke nan, ta tafi kawo ruwa. Bitrus na zaune a baranda ya miƙe ƙafar da ke ciwo a kan wani ɗan benci. Ya washe baki zai fara tsokana, sai ya ga fuskar baƙon nasa.

"Bitrus, ashe kai ne za ka tona mini asiri a gaban leburori?"

Bitrus ya sauke ƙafarsa a hankali. "Ka san abin da suke faɗa kafin in yi magana?"

"Na sani."

"Ka sani." Ya daɗe yana kallonsa. "Ni na ɗauka bai kai kunnenka ba. Ina ta cewa da Zakari ya ji, da ya tashi garin nan tsaye."

Zakariyya'u ya fara bayani, cewa maganar mutane iska ce, amma rufin asiri abu ne da in ya yage ba ya ɗinkuwa. Bitrus ya bar shi ya kai aya.

"To na gane. An ce ka guje ni saboda addinina, ka zauna lafiya. An ce ba ka da kuɗin mai, ka ƙona mai ka zo har Barnawa."

Miriam ta fito da ruwa. Zakariyya'u ya karɓa ya kurɓa don kada ya yi rashin ladabi, ya yi sallama. A hanya har ya wuce gangara biyu bai tuna ya kashe inji ba. Da ya ba Safiya labari, ba ta ce ai na faɗa maka ba, ko da yake tana da haƙƙin faɗa. Cewa kawai ta yi ya je ya nemo kujerar mutane.

Kujerar ta riga ta yi gaba. Jethro ya ce ya ga an daɗe ba a waiwaye ta ba, wani mai tasi ya zo ya dace da ita. Zakariyya'u ya tsallaka kogi har Panteka, kasuwar tsofaffin kayan mota, ya yi yini yana zagaye, ya zaɓo kujerar wata babbar mota, mai laushi, mai wurin ɗora hannu, wadda ta fi tsohuwar nauyi nesa ba kusa ba. Sai da Jethro ya yanka ƙarfe ya yi walda kafin ta shiga. Ta zauna a cikin kwankon motar nan kamar an kai gadon amarya kango. Har hannuwan ƙofofin baya ya sa aka mayar.

Da safe ya isa Barnawa da wuri, ya yi hon irin wanda ya saba. Bitrus ya fito a shirye, da ledarsa a hannu. Ya gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ya tambayi Safiya, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi mutanen Soba, abin da bai taɓa yi ba sai da zolaya. Zakariyya'u ya zagayo da kansa ya buɗe masa ƙofa. Bitrus ya leƙa, ya shafa kujerar, ya danna ta da tafin hannu.

"Kujera ta yi kyau, Malam Zakariyya'u. Allah ya sa alheri."

"Taka ce. Shiga mu tafi, Bitrus. Na yi kuskure."

"Ba komai, wallahi ya wuce. Sai dai na riga na yi magana da Kevin mai keke, shi ke kai ni har ƙofar kamfani yanzu. Yana da iyali, ba na so in katse masa."

Ya mayar da ƙofar ya rufe a hankali, kamar yadda ake rufe ƙofar motar baƙo. Ya tsaya a wurin har Zakariyya'u ya juya kan mota, ya ɗaga masa hannu.

Ba su yi faɗa ba, kuma ba za su yi ba. Suna gaisawa a kamfani kullum. Da Janet ta haihu, Safiya ta je da turmin atamfa, da Sallah ta zo Miriam ta aiko da gaisuwa. Mutanen rumfar abinci na ba da misali da su, suna cewa a ga yadda manya ke shirya tsakaninsu. Garba mai goro ya daina riƙe masa hannu, matan Makera sun dawo da buhunansu, kuma yanzu duk wanda ya tambaye shi labarin mai, Zakariyya'u kan ce ya fi ƙarfinsa, ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Ya koyi faɗin kalmar, a lokacin da ba ta da sauran amfani.

Har yanzu yana kai wa Jethro motar, yana mitar iskar taya da tarin inji, yana kashe ta a kan gangara. Amma kullum da safe, in ya fito daga gida, sai ya juya wa Kudenda baya ya nufi Barnawa. Yakan rage gudu a ƙofar gidan, wani lokaci ya tarar keken Kevin ya riga ya tafi, wani lokaci ya hango shi yana shan kwana, da ƙeyar Bitrus a baya. Sai ya bi su a hankali har kamfani, shi da kujerar. Man da wannan zagayen ke ci, bai taɓa kai wa Jethro ƙorafinsa ba.